Littafin da Ya Koma Juji

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin maigidan naki, ƙafar ta saki? Ya yara, ya fama da ɗalibai? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Sai yau hankalina ya dawo jikina, shi ya sa na ɗauki biro.

Na san ke ma, kamar ni a da, kina ɗauka duk abin da ya shiga juji ya tafi ke nan, tunda wuri ne da komai ke cakuɗe da komai. Ashe ba haka ba ne, kuma sai da na sha kunya na koyi wannan darasi.

Kin tuna Baba Maganaɗisu, dattijon nan na ajin manya da nake koyarwa ranar Asabar? Shekara ashirin da shida ya yi yana tsince-tsince a juji, yana jan maganaɗisu a igiya don kama ƙarfe, kafin ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Shekara uku ke nan yana rubuta tarihin rayuwarsa, kuma bai taɓa sayen littafin rubutu ba. Bayan tsohuwar kalanda, kwalin sabulu, takardar siminti, duk abin da ke da fili a gefe ɗaya ya ishe shi. Da na samo wata ƙaramar maɗaba'a da ta yarda ta buga, sai ya kawo mini rubutun gaba ɗaya a buhu don in shigar a kwamfuta. Ba shi da wani kwafi.

Auta, a bayan ƙofar ofishin malamai na ajiye buhun ranar Litinin, na tafi sa ido a jarrabawa. Mai sharar makaranta ta ga buhu cike da kwalaye, ta yi aikinta. Ban ankara ba sai Alhamis, motar shara kuwa tun Talata ta kwashe.

Na tafi gidansa, na shirya ban haƙuri iri-iri. Shi ko tambaya biyu ya yi mini: wace rana, wace mota. Da na ce mai koren baya ce, sai ya zura takalmin roba ya ce in biyo shi, amma in bar farin mayafin nan a gida.

A jujin na koma 'yar aji ɗaya. Kowace mota da gefen da take juyewa, kowane gefe da masu shi. Sharar makaranta ma an san ta, da garin alli da guntayen fensir. Wata tsohuwar abokiyar aikinsa da suke kira Sarauniyar Roba ta dube ni sama da ƙasa, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe tunda malamai sun fara zuwa ɗaukar karatu a wurinsu. Ta ce sharar kwana biyu ba ta wuce zurfin gwiwa, ta tara mutum tara da ƙugiyoyinsu. Kafin la'asar buhu ya fito. Zama na yi a kan wata tsohuwar taya ina hawaye, su kuma suna ta yi mini dariya.

Shafi goma sha ɗaya ruwa ya cinye, labarin shekarar da jujin ya kama wuta. Nan take suka zagaye Baba, kowa yana tuna masa. Sarauniya ta rantse ita ta jawo shi daga cikin hayaƙin, ba shi ya jawo ta ba kamar yadda yake baza wa mutane, kuma in ya buga ƙarya za ta rubuta nata littafin. Dole ya gyara. Wallahi babin ya fi na farko daɗi.

A hanyar dawowa na sake ba shi haƙuri. Ya ce in bari haka, kuma kada in kuskura in yi wa mai shara faɗa. Shi tun yana saurayi sana'arsa ke nan, tsinto abin da masu ilimi suka zubar.

Jiya na miƙa wa maɗaba'a aikin a kammale, sun ce wata mai zuwa zai fito.

Ke ma ki gwada mana. Ba za a rasa wani mai gadi ko mai kawo ruwa a makarantarku da ke yawo da littafi guda a cikinsa ba. Ki ba shi biro, ki zauna ki saurara. Amma don Allah kowane shafi ya miƙo miki, ki ɗauke shi hoto kafin ki tashi daga wurin.

Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Yayarki, Malamar Asabar