Awa Bakwai Ce Ko Sha Huɗu?

Malama mai fili, don Allah ki raba mana gardama ni da ɗana kafin raina ya gama ɓaci.

Ni tela ce, shekarata sittin da uku. Autata tana aure a wani birni can ƙetaren teku, cikin fari gare ta, watan gobe ake sa ran haihuwa. Mijinta ya turo min tikitin jirgi. Na sa tabarau na karanta da idona: tashi ƙarfe tara na safe, sauka ƙarfe huɗu na yamma, duk rana ɗaya. Awa bakwai ke nan, ko lissafin ma na manta? Amma babban ɗana ya kafe wai awa goma sha huɗu ce, wai agogon mutanen can daban, wai ƙafata mai kumburi ba za ta ɗauka ba. Har fasfona ya zare daga durowar keken ɗinki ya kulle a motarsa. Ni da na haife shi! Na san dai so yake in zauna ina yi masa renon yara. Shekara talatin ina kan keke tun safe har magariba, yanzu zaman kujera ne zai kashe ni? Yarinyar nan in ta kira ni dariya take yi, amma na san muryar 'yata, tsoro take ji. Ko da rarrafe ne sai na je.

Tela mai taurin kai

Mama, a lissafi kam ɗanki ya kayar da ke, sai haƙuri. Lokacin tashi da agogonku aka rubuta shi, na sauka kuma da nasu. Garinku yakan riga nasu wayewa da awa bakwai, don haka sanda za ki sauka ƙarfe huɗu a can, a gida sha ɗayan dare ta buga. Kuma taka keke ba zama ba ne, ƙafarki aiki take yi. A jirgi naɗe ta za ki yi wuni guda, kumburi kuwa ba ya son haka.

Amma ɓoye fasfo bai kyauta ba, tsoro ne ya sa shi wuce gona da iri. Ki faɗa masa ya yi gaskiya a kan agogo, sannan ya miƙo miki kayanki, shi da kansa ya kai ki wurin likita cikin satin nan. In likita ya hana, ki ji, kada a wayi gari mai jego ce ke jinyarki. In ya yarda, babu mai tsare ki. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina takawa, ki sha ruwa sosai, kuma kada girman kai ya hana ki hawa keken da ake tura manya a filin jirgi.

Allah ya sauke ki lafiya, ya sa kina gefen autarki ranar da ita ma za ta sauka.