Kwamfuta Ta Riƙe Mini Wuri

Daren Laraba

Na dawo daga aiki a Abuja a gajiye, na ci indomi a tsaye, na shiga wasan yaƙin da muke yi da abokaina a waya ta intanet. Mu biyar ne tun jami'a. Yanzu kowa da garinsa, wasan nan kaɗai ke haɗa mu. Su suna kisa, ni ce mai tallafi: in bi Sadik a baya, in ƙara masa jini, in tare masa duka, in mutu a madadinsa idan ta kama. Ga inda digiri ya kai ni.

Ana tsakiyar faɗa sabis ya ɗauke. Na fita tsakar gida ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, har maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Anti, lafiya?" Idan mutum ya ɓace haka, kwamfuta ce ke karɓar jaruminsa ta ci gaba da wasan. Hankalina duk ya tashi, ina cewa shi ke nan, na kashe su.

Da sabis ya dawo, har sun ci. Ihu kawai suke yi a kunnena.

Sadik ya ce, "Hajjaju, yau kam kin yi wasa! Ba surutu, ba gyara. Haka muke so."

Bilya ya ce, "Wallahi yau hannunki ya faɗa."

Na ce na gode.

Ban gaya musu cewa ba ni na yi wasan ba. Na san Bilya, dariya zai yi ya ce to a bar wa kwamfutar wurin mana. Ni kuma ba ni da tabbacin akwai wanda zai ce a'a.