Reshen rumman da Inna ta bari

Nurata, cikin watan Afrilu.

Zuwa ga Yayata Sojida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Jahongir da iyalinsa. Yaya gwiwar taki? An ce sanyin Mosko bai sake ku ba har yanzu, mu kuwa nan inabin tsakar gida ya fara toho. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu duk lafiya lau. Matata Mastura tana nan da hawan jininta, tana shan magani ranar da ta ga dama. Saniya ta haihu, mace. Rufin ɗakin girkin nan da kika yi ta yi mini gori a kansa na gyara shi, sai ki nemi wani abin faɗa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, ga waya a hannun kowa. Na kira ki ba sau ɗaya ba da niyyar faɗa miki, da na ji muryarki sai in tambayi gwiwa in kashe. Maganar ba wadda zan iya yi ina jin numfashinki ba ce, Yaya. Kunya nake ji, irin wadda rabona da ita tun muna yara.

Kin san Zebiniso tana shekarar ƙarshe a jami'a a Tashkent. Falsafa da tarihin zane take karantawa, haɗe wuri ɗaya. A da ban taɓa iya faɗin sunan karatun nan a gaban mutane ba. A gidan shayi Ergash, wannan tsohon direban mai bakin tsiya, ba ya barin in huta. Kullum sai ya ce, "Normurod, 'yar taka likitan me za ta zama ne? Likitan bango?" Ni kuma in ce koyarwa take karanta, in sa baki a kofi. Ta taɓa yi mini bayani, wai rabi ɗaya yana koya mata kallon abu, ɗaya rabin yana koya mata tambaya a kansa. Na ce to ai kallo da tambaya ɗan yaye ma ya iya, ba sai an je Tashkent ba. Dariya kawai ta yi ta ƙara mini shayi.

Kundin da za ta kammala karatu da shi a kan suzanin Inna take rubuta shi, babban ƙyallen adon bangon nan mai ɗinkin siliki da muke ajiyewa a akwati. Da ta zo hutun sanyi ta shimfiɗa shi a falo, ta kwanta rub da ciki da gilashin ƙara girma a hannu, ta wuni a kusurwar ƙasa. Kin tuna kusurwar, inda reshen rumman yake babu zare, sai layin tawada kawai. Ban tambaye ta abin da take nema ba. Ni tun da can na ɗauka idon Inna ne ya gaza kafin ta ƙarasa, kuma duk lokacin da na ga wurin sai tausayinta ya kama ni in kau da kai.

Bayan ta koma sai ta kira ta ce malamanta suna so a kawo suzanin a watan Mayu, a rataye shi a zauren da za ta kare kundin, kuma tana so ni in kawo shi da hannuna. Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Na riƙa hango manyan malamai da ɗamarar wuya sun tsaya a gaban aikin mahaifiyarmu, ga warin akwati, ga tabon shayi a gefe, ga kusurwa ba a ƙarasa ba. Na ce za su ce mutanen Nurata sun kawo rabin aiki, su yi wa yarinya dariya a bayan idonta. Kin san halina. Duk shekarun da na yi ina gyaran injin ban ruwa, ban taɓa mayar wa mutum inji da ƙusa ɗaya a kwance ba.

Mastura ta tafi Samarkand wajen haihuwar 'yar ƙanwarta, babu mai tsawata mini. Na naɗe suzanin na kai kasuwa wurin wani mai keken surfani, irin masu yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido aiki. Na nuna masa kusurwar na ce ya cike. Ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, sai ya fi sabo kyau." Ya cike reshen da jan zare mai ƙyalli, ya wanke shi tas, ya goge. Na biya har da ƙari. Na dawo na rataye shi a falo, na zauna ina kallo ina jin na sauke wa Inna wani nauyi.

Da Mastura ta dawo, a ƙofar falo ta saki jakar gurasar da ta riƙo. Ta yi salati ta ce, "Baban Zebi, hannun wa ya taɓa wannan?" Na ce nawa, ina jiran godiya. Ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "Kai da aka haifa a garin nan, ka sha nonon matar da ta ɗinka shi, ba ka san ba a ƙarasa suzani ba? Furfurar nan ta ado ce?" Ta ce kowace mace tana barin wuri da gangan, don kada biki ya ƙare a gidan, don 'ya ta samu inda za ta ɗora hannu. Ke kin san wannan, na sani, duk matan unguwa sun sani. Ni ne dai na girma a tsakiyarku ina ganin ɗinki harkar mata ce.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Mastura ta ce ranar da aka sa Zebiniso a shimfiɗar jarirai, Inna ta fito da suzanin a gaban mata, ta ɗora yatsa a kan reshen ta ce, "Wannan na jaririyar nan ne, kada wadda ta taɓa mata." Na ce ban taɓa ji ba. Ta ce, "Ina za ka ji? Kana waje kana juya tukunyar osh, shinkafar biki, kana ba maza labarin inji." Wurin da Inna ta ajiye wa jikarta, ni na ɗauka na ba wani ƙato a kasuwa, har na ƙara masa kuɗi.

Mastura ce ta kira yarinyar, ni ban iya ba. Zebiniso ta zo ƙarshen mako, ta tsaya a gaban bangon ta daɗe, ba ta yi kuka ba. Sai a lokacin na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun hutun sanyi. Ta ce layin tawadar nan hannun Gwaggo Oyimhon ne, tsohuwar da take zana wa matan unguwarmu fure kafin su ɗinka. Akwai suzanai a gidan tarihi da ba a san wadda ta zana su ba, malamarta tana so ta gwada tawadar tamu da tasu a ƙarƙashin gilashi, don hoto ba ya wadatarwa. In hannun ya zo ɗaya, sunan tsohuwar zai shiga littafi. Ɗaya rabin kundin kuma tambaya ce: yaushe ne aiki yake ƙarewa, kuma wa yake da ikon cewa ya ƙare? Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ai ka amsa mini wannan rabin, Baba." Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki reza na zauna kwana da kwanaki ina warware jan zaren, da waɗannan yatsun nawa masu kama da turmi. Zaren ya fita, amma tawadar ta bi ruwan wanki. Babu abin da ya rage a kusurwar sai hudojin allura kamar rariya.

Ranar da za ta koma ina gyaran famfo a bayan ɗaki, ita tana ƙarƙashin inabi tana waya da malamarta, ba ta san ina wurin ba. Na ji ta ce tsautsayi ne ya samu zanen a gida, kuma laifinta ne da ba ta adana shi da kyau ba. Shekara da shekaru ina ɓoye sunan karatunta don kada a yi mini dariya a gidan shayi, ga ta tana ɓoye sunana a gaban malamarta, tana ɗaukar laifin a kanta. Na tsuguna a wurin da sifana a hannu, na kasa fitowa har ta gama. Malamar ta ce in babu tawada rabin kundin ya faɗi, sai dai a ɗage zuwa baɗi, kuma gurbin ƙarin karatun da aka yi mata alkawari ba zai jira ta ba.

To ga dalilin takardar. Mastura ta tuna ƙaramin suzanin da Inna ta yi miki na aure, wanda kika tafi da shi. Ta ce shi ma Gwaggo Oyimhon ce ta zana, kuma shi ma da wurin da aka bari. Na ce wa Zebiniso ta roƙe ki aro, ta ƙi. Ta ce, "In na tambaya sai Gwaggo Sojida ta ce ina namu, ni kuma ba zan faɗa ba." Shi ya sa ni nake faɗa. Don Allah, Yaya, ki duba, in tawadar tana nan ki ara mata kafin farkon Mayu. Na san Jahongir ba ya rasa abokin da zai zo gida. Duk faɗan da za ki yi mini ki yi, na cancanta, ki ƙara da wanda Inna za ta yi da tana raye.

Shekaranjiya Ergash ya sake tambayar likitan bango. Na ajiye kofi na ce falsafa da tarihin zane take karantawa, kuma ta fi ubanta ido. Suka bushe da dariya, na bar su suka yi mai isarsu. Na kuma gaya wa yarinyar cewa zan je Tashkent da suzanin namu yadda yake, da hudojinsa, in malamar ta tambaya ni zan amsa. 

Ki gaishe mini da Jahongir da matarsa Nigora, ki shafa kan Temur da 'yar autarsu. Mastura tana gaishe ki ƙwarai, ta ce in gaya miki har yanzu ba ta huce ba. Kawu Holmat yana tambayarki duk Juma'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In za ki aiko, kada ki wanke shi, kada ki goge, ko da ya yi datti. Kuma ki rubuta sunan Zebiniso a bayan ƙunshin, ba nawa ba.

Ƙaninki,
Normurod