Kunne Ɗaya na Waya, Ɗaya na Mota

Zuwa ga ƙanena Ɗanboko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, ya tsare ku daga abin ƙi a inda kuke. Mu nan sai godiya. Matar yayanka ta warware daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma faɗa da kaji, ka ga kuwa lafiya ta samu. Matar ɗana Auta ta kusa sauka, ana sa rai cikin watan gobe. Rufin ɗakin baya da ka gani yana yoyo an gyara shi, sai dai kafintan ya bar kusa uku a waje, ina kallonsu kullum. 'Yarka ta wajena, nas ɗin asibitin nan, ce ke rubuta wannan, ni ke faɗa. Na sa mata sharaɗi ta riƙa karanta mini duk abin da ta rubuta, don na san halinta, takan zuba wa magana ruwa. Saboda haka duk abin da ka ji ya yi kaushi nawa ne.

Abin da ya sa na sa a rubuto maka shi ne maganar abin kunnen nan mara igiya da ka ce za ka saya wa Auta, wanda masu shago ke ce wa bulutut. Ranar da ka kira kana ta faɗa wayar ta katse, an gaya maka caji ne ya ƙare. Ba caji ba ne, ni na kashe ta da hannuna. Ka ce za ka aiko da mafi tsada, mai rufe kunne biyu, irin wanda ka ga matuƙan jirgi na sawa. To kada ka saya tukuna sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Da farko bari in gaya maka abin da ya faru daidai, tunda labarin ya iso maka da ƙari. Ka san tun da na miƙa wa Auta makullin babbar motar nan, shekara huɗu ke nan, ba ranar da ba na kiransa da hantsi. Ba hira muke ba. Cewa nake ya kanga wayar a kan murfin injin da ke tsakanin kujeru, in saurara. Daga nan in ce ya taka totur, in ce ya saki, in ce ya sa giya ta uku. Idan na ji komai daidai sai in ce Allah ya tsare, in kashe. Ranar Talatar nan na ji wani ɗan kaɗawa da ban gane ba, na ce ya ƙara sauke wayar ƙasa wajen giya. Ya sunkuya, hannu ɗaya a sitiyari, ido a ƙasa. Kafin ya ɗago, tayar gaba ta bar kwalta. Motar ta goge bakin kwalbati, madubi ya tafi, ta tsaya a karkace. Ba wanda ya ji ciwo, kaya ba su zube ba. Ni kuma ina zaune a ƙofar gida na ji komai a kunnena, har salatin da ya yi. Kaɗawar da nake nema ashe sifana ce aka manta a ƙarƙashin kujera. Ka ce laifina ne. Ban musa ba, ban kuma ce ka maimaita ba.

Amma kai ma ka san motar nan. Shekara talatin da ɗaya na yi a cikinta. Ita ta kai ka makarantar kwana da akwatin ƙarfenka mai fentin kore, kana kuka kana ɓoye fuska a taga don kada in gani. Ita ta ɗauko Inna daga asibiti a tafiyarta ta ƙarshe, a kwance a kan katifa, na yi tafiyar awa biyu cikin awa biyar don kada rami ya girgiza ta. Sau uku aka sauke injinta, ina iya gaya maka shekarar kowanne da bakaniken da ya yi. Gilashin gefen direba ya daina hawa tun shekarar da aka haifi 'yarka mai rubutun nan, ta ce in cire wannan, na ce a bar shi. Ban taɓa karanta agogo ko ɗaya da ke gaban sitiyari ba, rabinsu ma sun mutu. Da kunne na tuƙa ta. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ba ta iya taka kuloci, kunnen ne kawai ya rage mini a cikin motar. Na faɗi wannan ne don ka san abin da kake cewa a daina.

Bayan kwana biyu na sa 'yarka ta kai ni shagon mai sayar da kayan waya da ke bakin tasha. Mutum ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Ya jera mini kwalaye a kan gilashi, kowanne ya ce shi ne ƙarshe. Ya sa ɗaya a kunnensa ya kira ni, alhali ina tsaye a gabansa, wai in ji yadda murya ke fita tas. Na ce masa shagonsa ba ya gudu, ba shi da taga a buɗe, ba kuma injin da ke kuka a ƙarƙashin kujerarsa. Na ce idan kayansa na kirki ne ya bari a gwada a cikin mota. Ya ce ba a fitar da kaya sai an saya. Na ce to, na ja bencinsa na zauna. Duk wanda ya shigo sayayya sai in tambaye shi ko an bar shi ya gwada. Kafin azahar ya ce ya ji, amma ƙafarsa ƙafar kayansa. Washegari ya rufe shago ya hau gefen Auta da kwali uku a cinya, suka hau babban titin bayan gari. Ni kuma na zauna a kujerata ta ƙofar gida da waya, inda nake zama kullum.

Na farko ƙanana ne guda biyu, kamar ƙwayar wake, ana cusa su cikin kunne. Muddin motar na tafiya a hankali ana jin magana. Da Auta ya sa giya ta huɗu iska ta shigo, sai na ji kamar ana yaga yadi a kunnena, muryar Auta can ƙasa kamar daga rijiya. Da suka faɗa rami kuwa ɗaya ya fice ya gangara ƙarƙashin birki. Sai da suka tsaya mai shago ya shiga da rarrafe ya zaƙulo shi. Abin da zai sa direba ya sake sunkuyawa ba shi muke nema ba. Na biyu shi ne irin naka, mai rufe kunne biyu. Auta ya ce yana jina kamar ina zaune a kafaɗarsa, iska ta ɗauke, duniya ta yi tsit. Yana cikin yabo na ji mai shago yana ihu. Wata bas ce ta biyo su tana ta danna oda tana son wucewa, Auta bai ji ko ɗaya ba. Ni da ke gida na ji, mai shago ya ji, direba ne kaɗai bai ji ba. Matuƙin jirgi ba a yi masa oda daga baya, Ɗanboko. Ka ajiye wannan.

Na uku kunne ɗaya yake rufewa, yana da wani lanƙwasasshen baka, kamar na kibiya, da ke hawa kan kai, da wani siririn hannu da ke lanƙwasowa har gefen baki, an sa wa ƙarshensa ɗan soso baƙi. Da farko Auta ya sa shi a kunnen da ke wajen taga, iska ta riƙa bugun soson. Mai shago ya juya shi ya koma ɗaya kunnen. Sai na ji Auta ya yi sallama, muryarsa kaɗai, ba komai a bayanta. Na ce don me suka tsaya. Ya ce ba su tsaya ba, suna kan giya ta biyar. Na ce ƙarya yake, ya taka totur in ji. Ya ce ya taka. Ban ji komai ba. Na ce a ba ni mai shago, na gaya masa kayansa ya lalace, ya haɗiye mini mota. Ya yi dariya ya ce ai aikinsa ke nan, abin da aka ƙera shi ya yi ke nan, ya ɗauki muryar mutum ya zubar da sauran. Na ce sauran nake so. Ya ce to wannan ba shi da shi a shago.

Raina ya ɓaci. Mai shago ya mayar wa Auta abin kunnen. Shekara huɗu muna waya kullum, ashe in ba injin ba, ba mu da abin cewa. Ina jin numfashinsa. Can sai ya yi gyaran murya, ya ce tunda yau ina jinsa sosai akwai abin da yake so ya faɗa. Ya ce kwana goma ke nan yana jin wani gurnani a tayar baya ta gefensa, ba ya fitowa sai an ɗauki kaya an shiga kwana, yana zaton boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya fara ci. Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce ya faɗa sau biyu, iska ta tafi da maganar, ni kuma na ce masa mota lafiyarta lau, shi ya sa ya bari. Na ce motata ba ta cin boris da wuri haka, an canza shi shekara biyu da rabi da suka wuce, ina nan aka yi. Ya ce to, Baba.

Da suka dawo na ce a wuce gareji, don in nuna masa. Mai shago ya sauka yana yatsa a kunne, ya ce shi da babbar mota har abada. Bakanike ya ɗaga motar ya cire tayar ina tsaye da sandata. Ya zaro boris ɗin ya ɗora mini a tafin hannu. Ban buƙaci ido ba, yatsa ya gaya mini, ya ci ya yi kaushi, gefe ɗaya har ya fara tsagewa. Bakaniken ya ce da an ƙara tafiya biyu da kaya, da tayar ta riga motar isa. Ya tambaya wa ya gano, a zatonsa ni ne. Na nuna masa Auta. Ni kullum ina can ina sauraron injin ta waya, ita kuwa waya ba ta taɓa kawo mini tayar baya ba. Wanda ke kan kujerar ne ke jin motar duka, in an bar masa kunnensa da hannunsa. Wani abu kuma, ranar na lura yaron nan muryar Babanmu gare shi sak, har yadda yake jan ƙarshen magana. Ban sani ba sai ranar. Idan ka kira shi ka saurara.

Saboda haka ga abin da za ka saya. Mai kunne ɗaya, ba biyu ba. Mai baka a kai don kada rami ya jefar da shi. Hannunsa ya kai gefen baki, ya zama ana iya juya shi dama ko hagu, don a kunnen da ba na taga ba zai zauna. Na tagar a bar wa hanya. A haɗo da soso na canji ko uku ne, mai shago ya ce shi ke fara mutuwa. Maɓallin amsawa ya zama babba, wanda yatsa zai samu ba sai ido ya taya shi ba. Sannan caji. Na mai shagon nan awa uku yake yi ya mutu, shi ya sa ban ɗauka ba, Auta kuwa daga safe har la'asar yana kan hanya. Ka nemi mai kai yini. Kada mai shagonku ya gwada maka a cikin shago. Idan ba mota, ka sa ya tsaya gaban babbar fanka ya kira ka, kai kuma ka fita waje. In ya ƙi, ka nemi bencinsa.

Kafin abin kunnen ya iso na daina kiran Auta in yana tuƙi. Shi ke kira in ya tsaya shan mai. Da hantsi ina zama a kujerar dai, wayar na aljihu. Ba gaggawa nake maka ba, amma an ce akwai masu zuwa daga wajenku ƙarshen wata. Auta ya ce in abin ya zo, in riƙa ba shi labarin hanyar, kowace gada da abin da ya taɓa faruwa a kanta, tunda injin ya daina shiga tsakani. Na ce zan duba. Na riga na ƙirga, gada goma sha bakwai ce.

Ka gaida mini matarka, ka ce na gode da maganin ido. Ka gaida babbar 'yarku da mijinta, da 'yan biyu, da surukarka in tana nan tare da ku. Matar yayanka tana gaishe ku, ta ce ka rage faɗa a waya, kai ma ba yaro ba ne. Matar Auta na neman addu'a. 'Yarka ta ce in gaya maka hannunta ya gaji.

Jiya da yamma Auta ya dawo daga tafiya. Ya tsayar da motar a ƙofar gida daidai kujerata, bai kashe ba. Ya sauko ya tsuguna a gefena, muka saurara tare. Ban sa shi ba. Da aka jima ya ce yana jin bel ɗin injin ya ɗan saki. Na ce haka ne. Sannan ya hau ya kashe.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Tsohon Direba