Ramukan Wata Ba Laifina Ba Ne

Ya ke sanyin idona, inuwar tsakar rana, ruwan sanyi a maƙogwaron matafiyi, uwar 'ya'yana, kakar jikokina! Ki lura, duk kirarin nan a ƙasa na tsinto shi, ban ɗaga kai sama ba. Na yi hankali.

Har yaushe za ki riƙa dire mini abinci ki juya, ba ko sannu? Gida ɗaya muke, amma sai na rubuta takarda na saƙale a keken ɗinkinki, kamar saurayi mai tsoron surukai!

To, bari in faɗi tawa. Ke kika ce in koma makaranta bayan na yi ritaya, don in daina bin ki kicin ina ba ki shawara a kan gishiri. Na koma. Na ɗauki darasin ilimin taurari, a zatona hira ce irin ta kakata. Ashe lissafi ne tsagwaronsa! Jarrabawar farko ta yi mini kaye. Sai malamarmu, wadda autarmu ma ta girme ta, ta ce akwai ƙarin maki ga duk wanda ya hau rufin ginin kimiyya da faɗuwar rana, ya leƙa na'urar hangen nesa, ya zana abin da ya gani.

Sai dai mai gwiwa irin tawa, in ya sunkuya dole ya dafa wani abu. Na dafa na'urar. Duniyar Zuhalu, da malama ta sha wuya ta saito, ta ɓace ɓat. Yaran da ke layi a bayana suka ce, "Haba Kaka, ka sake korar ta!" Malama ta ce, cikin ladabi mai zafi, in na ƙara taɓa kayanta sai dai in kalli sama da idon da Allah ya ba ni.

Kin tuna yammacin da kika raka ni? Kina haki a matakala, kina cewa ba ki taɓa ganin tsoho mai neman wahala irina ba. Na dafa kafaɗarki, kika tsaya cak kamar bishiyar kuka, na leƙa. Wayyo! Ga ta can, 'yar mitsitsiya, fara sol, da zobenta a ƙugu. Ina gani ina jin numfashinki a tafin hannuna. Wane sarki ne ya taɓa samun irin wannan?

Da a nan muka tsaya! Amma yaran nan marasa tsoron Allah suka ce ke ma ki leƙa, malama kuma ta juya na'urar ga wata. Kika daɗe a sunkuye. Kika ɗago a hankali, kika gyara mayafi, kika ce, "Malam, wannan mai ramukan ne tun aurenmu kake cewa fuskata ta yi kama da shi?"

Wallahi ban sani ba! Wa ya sani? Daga nesa na san shi, ke kuwa a kusa na san ki, kuma ban taɓa ganin rami ba sai ɗan na kumatunki in kin yi murmushi, wanda yanzu kika hana ni. Na so in musanya miki da tauraruwa Zara, na tambaya, aka ce zafinta yana narka dalma, iskarta guba ce. Na fasa. Sama duk ba ta da abin da ya kai ki, na bincika.

Ranar Alhamis ce hawa na ƙarshe. In na rasa makin nan na faɗi, sai maimaici. Na gwada sanda, ta zame. Na gwada kafaɗar wani dogon ɗalibi, dariya ta kama shi, taurari duka suka hau rawa. Ba ni da madafa sai ke, a rufin nan da ƙasansa. Ki zo, don girman Allah. Ba sai kin yi mini magana ba, ki dai tsaya.

Naki ni kaɗai, har ranar da rana za ta ƙone ta huce. Malama ta ce saura biliyoyin shekaru. Ina fata fushin ba zai kai can ba.

Tsohon mijinki, sabon ɗalibi.