Kujerar Ikram Mai Kuka

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Na dawo daga Kebbe raina a ɓace.

Dokin katakon da na sassaƙa wa jikata Ikram, wanda na shafe azumin nan ina gogewa, ya tafi murhu. Kakanta na wajen uba, Malam Ubaidullah, shi ya sa. A zaurensa, gaban ɗalibansa, ya karɓa. Ko kallon kirki bai yi masa ba, sai shafawa da yatsu kamar mai tayin rago. Da ya kai kan kunnuwa da idanu sai ya ce, "Alhaji Sirajo, wanga abu sura gare shi. Ba shi kwana gidana." Ya miƙa aka shiga da shi ciki. Tuwon da aka kawo mini daga baya, ina kyautata zaton da dokina aka dafa shi. Ban ci ba.

Mardiya 'yata ta sunkuyar da kai, me za ta ce wa surukinta? Amaryata Ikram kuwa har na hau babur ina jin kukanta.

Da ya ja ni gefe ya faɗa mini, da ni da hannuna zan sare kan dokin. A'a, sai a gaban mutane. Wallahi sai na rama.

Litinin, 7 ga Afrilu

Suwaiba matata ta ce in yi haƙuri, malami ne, ya fi ni sani. Ni na ce bai sani ba? Tun da na yi ritaya daga sakatariya nake wasa da zarto da gizago don jin daɗin raina, ko cokali ban taɓa sayarwa ba, kuma ba a taɓa wulaƙanta mini aiki irin haka ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na samu! Ƙyauren rumfar aikina ne ya ba ni dabarar, da ya yi ƙiiiƙ ina buɗewa.

Kowa ya san Malam ba ya son ƙara. An ce zakara ya taɓa cara yana tsakiyar karatu, ranar aka ci shi a miya. Tsakanin Azahar da La'asar a zaure yake kishingiɗa, Ikram kuwa ba ta rabuwa da gefensa. To, kujera mai lilo zan yi mata. Ba ido, ba kunne, ba kai. Ya buɗe duk littattafan da ya gada ya nemo mini inda aka hana kujera. Amma za ta yi kuka, kukan da zai shiga masa har cikin haƙori.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na je Jabo wurin Bube mai sayar da itace na samo busasshen maɗaci da gungumen ƙirya. Maɗacin na mazauni da majingina, ƙiryar ta ƙafafun lilo. Ƙirya ta ci mini haƙoran zarto, amma ba komai.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ƙafafun farko ba su zo daidai ba, ɗaya ta fi lanƙwasa. In na tura kujerar sai ta riƙa tafiya gefe har ta bugi bango. Na cire, na sake.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na ga Malam a tashar Tambuwal, shi da ɗansa Atiku, mijin Mardiya, za su shiga motar Sakkwato. Atiku na can yana fama da kaya. Na daure na ɗaga wa Malam hannu. Ya dube ni ido cikin ido, ya juya ya shige mota.

Madalla. Dā ina tunanin rage kukan kaɗan saboda Mardiya. Na fasa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ashe sa kujera kuka ya fi hana ta wahala. Duk mahaɗan na sa musu gam na ɗaure tam, don ba na son abin da zai kayar da yarinyar. Guda ɗaya tak na bari a ƙasan mazauni, inda maɗaci ke gugar ƙirya, ba gam, ba mai, na ɗan sassauta shi da sanfefa. Na ɗora buhun gero na yi ta turawa ina saurare. Da farko gurnani take. Na ƙara gogewa, sai ta fito da shi, siriri mai kaifi: ƙiiƙ, ƙyaƙ, ƙiiƙ, ƙyaƙ.

Suwaiba ta leƙo riƙe da kunnuwa. "Mi kaka yi haka, Alhaji? Kai dai ka ji tsoron Allah." Na ce ai jikarki nika yi wa kyauta.

Fenti ja na shafa mata. Ta yi kyau, ko maƙiyi ya gani ya san ta yi kyau.

Asabar, 3 ga Mayu

Na ɗaure ta bayan babur har Kebbe, hanyar nan ta kusa kwance mini ƙugu.

Malam ya shafa ta tun daga majingina har ƙafafu, yana neman abin da zai kama. Bai samu ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Alhaji." Ikram ta haye. Ƙiiƙ, ƙyaƙ! Ɗalibai suka fara kallon juna. Malam ya juyo da kai wajen ƙarar, har da ɗan murmushi. Na san na dole ne.

Yau na ci tuwo har da ƙari.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na kira Mardiya. Ta ce tun safe har Magariba yarinyar na kai, duk gidan sun gaji. Na ce, Malam fa? Ta ce bai ce komai ba. Daurewa yake, zai fashe.

Talata, 20 ga Mayu

Wai Atiku ya ɗauko man keken ɗinki zai ɗiga wa mahaɗin, Malam ya daka masa tsawa. Ya ma ce kada a kuskura a fitar da kujerar daga zaure. Wannan taurin kai ne, don kada a ce na ci nasara. Haushi ya hana ni sakat.

Asabar, 14 ga Yuni

Atiku ya zo da hantsi, wandonsa duk laka. Ya tsuguna ya gaishe ni.

Ya ce tun da ruwa ya sauka katakon ya sha sanyi ya kumbura, mahaɗin ya matse, kujera ta yi shiru. Na ce to ai kun huta. Sai ya ce, "Baba, Malam ba shi gani. Tun kafin azumi idon yat tafi, shi yah hana mu faɗi." Karatun duk da ka yake bayarwa. Ranar da na gan su a tasha, asibiti za su, likita ya ce an makara.

Ya ce da kukan nan Malam ke sanin yarinyar na kusa da shi, don ƙofar zauren kan hanyar babura take. Yanzu ba ya iya kishingiɗa, sai kiran Ikram, Ikram. Shekaranjiya ta sulale waje, ya tashi yana lalube, ya faɗi a dokin ƙofa ya fasa goshi. "Yac ce in roƙe ka, don Allah ka zo ka maido mata kukanta."

Na ce zan duba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ban je ba. Makanta ba ta dawo mini da dokina.

Litinin, 16 ga Yuni

Na tarar Suwaiba ta sa sanfefa da guduma a jakata.

Talata, 17 ga Yuni

Na je. Saboda Ikram na je, a rubuta wannan.

Na kwance mahaɗin na goge, shi kuma yana zaune da filasta a goshi yana saurare. In na gwada sai ya ce, "A'a, Alhaji, ba haka taka yi ba, ta fi haka kaifi." Shi ke gyara mini kukan da na yi dominsa! Da ya fito daidai ya sauke ajiyar zuciya ya jingina da bango. Maganar doki ba wanda ya tayar. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, na lura kafaɗarsa daidai da tawa take.

In rani ya shigo katakon zai sake motsi, dole in koma in duba.

Akwai ragowar ƙirya a rumfa, doguwa, siririya, ba ta da wani amfani. Na fara fere ta da la'asar don kada ta lalace a banza. Na auna ta da tsayina, ta yi daidai sandar dogarawa. Mariƙin a mulmule zan bar shi, ba ido, ba kunne.