Ishaku ya faɗi a fili

Asabar da dare, zuwa ga Azuba



Da yamma ni da Baban Ishaku muka zauna kallon wasan jami'ar su ɗanmu Ishaku ta Amurka a waya, ƙwallon nan da ake rungumewa a ruga da gudu. Tun satin jiya ɗana yake mini bayani, wai yau ce karawarsu da tsofaffin abokan hamayya. Tun zamanin kakanni suke yi, wanda ya ci shi ke tafiya da wata tsohuwar ƙararrawa. Bana ne aka fara sa shi a ciki.

Bayan hutun rabin lokaci wani ƙato ya bangaje Ishaku, kansa ya bugi ƙasa. Bai tashi ba. Sai na ga 'yan wasan duka sun durƙusa, filin ya yi tsit. Na ce, "Baban Ishaku, me ya sa suka durƙusa?" Ya ce, "Al'adarsu ce in wani ya ji ciwo, ki kwantar da hankalinki."  Nan netwok ya ɗauke.

Sai bayan na kwashe tuwo Ishaku ya kira. Ya ce, "Mama, lafiyata ƙalau, likita ya duba ni. Mun ci kuwa?" Na ce babanka ya ce kun ci. Muka yi dariya, na tambaye shi ko ya ci abinci.

Sai ya sake cewa, kamar bai taɓa tambayata ba, "Mama, mun ci kuwa?"